Ba kowace kwamfuta da ta ƙi tashi ba ce ke son “formate”

Yau da masu gyaran kwamfuta nake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Akwai wata ɗabi'a da ta kama wuri a wajen da yawansu: ka kawo na'ura ta ƙi tashi, kafin ma a karanta abin da ta rubuta a allo, sai a ce maka “sai an formate ta”. Formate kuwa shi ne a share duk abin da ke cikin diski, a zuba sabon Windows. Na'ura ta tashi, mai gyara ya karɓi jikkunansa, kai kuma ka koma gida da akwati fanko.

Me ake sharewa? Memuwar ɗin ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya yi wata takwas yana rubutu. Makin ƴan lakkwal da mushe ya tara tun farkon shekara. Lissafin adashen ƙungiyar mata, sunayen manoman da suka karɓi taki bashi, hoton tsohon da ya rasu wanda babu wani irinsa a ko'ina. Wanda ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin kabu-kabu zuwa birni, abin nan na ciki ya kawo a ceto masa. Ƙarfen kansa ana samun wani a kasuwa.

Abin haushin shi ne na'urar tana faɗin ciwonta da bakinta. Idan ka kunna ta, kafin Windows ya shigo akwai wani ɗan tsari da ake kira BIOS, shi ke duba kayan ciki, sannan ya nemi diskin da zai tashi da shi. In ya rubuta “No bootable device”, ko “Boot Device Not Found” da lamba 3F0 a kan HP, cewa yake bai ga inda zai tashi ba. Bai ce takardunka sun mutu ba. Sau da yawa kile USB ce aka manta a jiki, ya je yana neman Windows a cikinta. Cire ta, ka sake kunnawa. Wani lokaci jerin tashin ne ya rikice. A HP ana danna F9, a Dell F12, a zaɓi diskin da hannu. Wani lokaci kuma diskin ne ya ɗan goce daga mazauninsa, wanda ba abin mamaki ba ne ga na'urar da ta sha jijjiga a bayan moto kan hanyar laterit. A buɗe, a mayar da shi, shi ke nan.

Sai wadda ke rubuta “CMOS checksum error”, ko ta ce ka danna F1, kullum agogonta ya koma wata tsohuwar shekara. Wannan ɗan pil ne mai faɗin kwabo, CR2032, volt 3, wanda ke riƙe wa BIOS agogo da saiti. Kwamfutocinmu kusan duk na hannu ne, sun gama aikinsu a ofisoshin Turai kafin su biyo ta Kwatano ko Kano, pil ɗinsu ya tsufa. Canza shi aikin minti kaɗan ne. To don Allah wane irin formate ne zai sa wa mataccen pil rai? Haka wadda ke kukan “bip, bip” allo baƙi ƙirin: a fara duba RAM, a zare shi, a kakkaɓe ƙurar hunturu, a mayar.

Inda masu gyara suka fi samun hujja shi ne shuɗin allon nan mai cewa “Réparation automatique” ko “Votre PC n'a pas démarré correctement”. Nan gaskiya Windows ne ya ji rauni, kuma mun san mai ji masa. Kuran ne. Layin da ke ba Damagaram wuta daga Katsina yake fitowa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a ɗage takunkumin CEDEAO ba sai Fabrairun 2024. Na'urar da ke tsakiyar rubutu a diski, wuta ta ɗauke mata sau uku a yini, ko ta sha hawa da saukar gurup, dole wani fayil ya karye. Amma fayil ɗin tashi ne ya karye, shi kuma Windows da kansa yana da wurin gyara shi: a shiga “Options avancées”, a gwada gyaran tashi, ko a maido da tsarin zuwa wata ranar baya, ko a shiga “Mode sans échec”.

Ku tuna ranar 19 ga Yulin 2024. Wani sabunta manhaja na kamfanin CrowdStrike na Amurka ya jefa kwamfutoci cikin shuɗin allo a duniya, Microsoft ya ce sun kai miliyan 8.5. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya. Maganin da aka bayar shi ne a shiga wancan “Mode sans échec”, a goge fayil ɗin da ya jawo abin, a sake kunnawa. Ba a ce kowa ya share diskinsa ba. Mu nan da ba mu da kwafi na biyu na komai, mu ne muka fi kowa saurin sharewa.

Na san abin da masu gyara za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce bincike yana cin lokaci, mai kaya kuma ba ya son biyan kuɗin lokaci, yana tsaye a kanka yana cewa motar ƙauyensu za ta tashi. Za su ce wata na'urar virus ya cinye ta, babu makawa sai an sake zubi. Na yarda akwai ranar da formate ne magani. Amma ko a ranar, me ya hana a kwashe kayan mutum tukuna? Ana tayar da na'ura da kile mai Ubuntu a kwafe takardu, ko a zare diskin a sa shi a ɗan akwatinsa a jona da wata kwamfuta. Duk mai gyaran da ya san aikinsa ya san wannan. In ƙarin kuɗi ne, a faɗa wa mai kaya ya zaɓa da kansa. Wanda bai iya ba kuma ya ce bai iya ba, ya tura shi gaba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a share wa bawan Allah aikin shekara, sai ya dawo yana tambaya a ce “ai ba ka faɗa ba”. Shi ya san ma'anar kalmar? Kai ka fassara masa da Hausa?

Ku ma masu kaya, ba ku fita ba. Ana kashe na'ura ta hanyar zare waya daga bango kamar rediyo. Ofis ya sayi kwamfutar tebur, ya ƙi sayen ondilar da za ta riƙe wuta minti biyar a kashe lafiya. Kile ɗaya da za a riƙa zuba kwafi duk Juma'a, ita ma an ce tsada. In na'urarka ta ƙi tashi, ka ɗauki hoton rubutun allon da salularka kafin ka taɓa komai. In ka isa wurin mai gyara, ka gaya masa a gaban shaida cewa kada ya share komai sai ka ga takardunka da idonka a wani wuri.

Akwai guda ɗaya da ba ta son wasa. In ka ji diski yana “ƙas, ƙas, ƙas” daga ciki, ka kashe nan take, ka daina gwada kunnawa, don kowane gwaji ƙara cinye shi yake. Irin wannan diskin mutuwa yake yi. In aka zuba masa sabon Windows, zai iya tashi yau, ya sake faɗuwa bayan sati biyu, ka biya sau biyu. A kwashe abin da za a iya kwashewa da wuri, a sa sabon diski, tsohon kuma ka karɓi abinka ka ajiye a gida, kada ka bar shi a shagon.