Faifan sidi ba laya ba ne: zare a kan tatsuniyoyin na'urar auna gudu

1/ Jiya a zaurenmu na WhatsApp na masu son motoci an kwana ana musu. Wani ya rantse da Allah wai in ka rataye faifan sidi a madubin gaba, na'urar auna gudu ba za ta gan ka ba. Na yi shiru a can saboda manya sun yi yawa. A nan zan yi magana. 🧵

2/ Tun farko ku sani ni ba maƙiyin gudu ba ne. Ina cikin waɗanda ke gane injin V6 da ƙararsa tun daga nesa. Don haka kada wani ya zo min da "kai ai ba ka san daɗin mota ba". Na sani. Shi ya sa abin yake ci min rai.

3/ Mu fara da yadda abin ke aiki. Rada tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi mota ta dawo. In motar na tahowa, igiyar da ta dawo takan ɗan matse, na'urar ta lissafa gudu daga wannan bambancin. Christian Doppler ne ya yi bayanin dokar tun 1842.

4/ Kun san yadda jiniyar motar asibiti ke canza murya in ta wuce ku? To shi ne dai, ba wani tsafi.

5/ Yanzu ku yi tunani. Igiyar nan gaba ɗayan motar take bugu: bonet, bamba, injin, ƙarfe sama da tan guda. Kai kuma ka ɗauko faifai mai faɗin santimita 12 ka rataye a bayan gilashi, wai shi zai rikita ta. Haba malam. Kamar ka tsaya a rana ka rufe fuska da cokali ka ce ka shiga inuwa.

6/ Na takardar foyil a cikin murfin taya ya ma fi ban dariya. Rada abin da ke mayar mata da igiya take nema. Ka ƙara ƙarfe mai ƙyalli a jikin mota, ai taimaka mata ka yi.

7/ Kuma ba mu muka ƙirƙiro waɗannan ba. Tsofaffin labarai ne na direbobin Amurka da Ingila, TikTok ya wanke su ya kawo mana kamar sababbi. Shirin MythBusters ya gwada su tun 2004: sidi, foyil, har da kaɗa makullai. Babu wanda ya yi aiki. Daga baya suka gwada feshin gashi a kan lamba. Kyamara ta karanta lambar tsaf.

8/ Akwai kuma labarin 'yan sandan da suka saita na'urarsu ta kamo jirgin yaƙi, wai saura kaɗan jirgin ya sakar musu makami. Yau a ce a Sukotland aka yi, gobe a ce Amurka. Labarin da ke canza gari duk lokacin da aka ba da shi, kun san sunansa: gatanan gatananku.

9/ Na "jar mota aka fi kamawa" ba zan ɓata lokaci a kai ba. Rada ba ta ganin launi.

10/ Wanda ya fi damuna shi ne wannan: wai in ka taka sosai kyamara ba za ta iya ɗaukarka ba. Ya dame ni ne saboda akwai ɗigon gaskiya a ciki, kuma ɗigon nan ne ke kai mutane kabari.

11/ A 2002 shirin Top Gear ya gwada. Tsohuwar kyamarar Gatso hoto biyu take ɗauka, tsakaninsu kamar rabin daƙiƙa. Sai da suka kai mil 170 a awa, wato sama da kilomita 270, cikin motar TVR Tuscan, kafin motar ta fice wa kyamarar. A rufaffen fili, ƙwararren direba, babu Keke Napep, babu akuya, babu rami.

12/ Kai kuma Corolla ce a hannunka, tayoyin gaba 'yan Kwatano, ɗaya ma an yi mata faci sau biyu. Ba za ka kai 270 ba. Za ka tsaya a 150, inda kyamara ke ganinka sarai, birki kuma ba ya jin maganarka.

13/ (Abin dariya: wanda ya ƙera Gatso ɗin, Maurice Gatsonides na ƙasar Holan, direban tsere ne. Shi ya ci gasar Monte Carlo a 1953. Don ya auna gudunsa a kwana ya ƙara sauri ya yi ta. Namu ne ya haɗa mana tarkon 😭)

14/ Kuma fasahar ta wuce nan tuni. Akwai ta leza, wadda jami'i ke saita ta kan lambar motarka kai kaɗai cikin jerin motoci. Ɗan akwatin gargaɗin da wasu ke oda da tsada, kafin ya yi ƙara an riga an gama auna ka. Haske kilomita 300,000 yake yi a daƙiƙa. Da wa kake tsere?

15/ Akwai kuma masu lissafin matsakaicin gudu, irin na Ingila. Kyamara ɗaya a nan, ɗaya a gaba. In tazarar kilomita 10 ce, iyakar gudu 100, minti 6 ya kamata ka yi. Ka iso a minti 4, ka yi 150 ke nan. Taka birki a gindin kyamara ba ya goge lissafi.

16/ Kada ku ce wannan na Turai ne. A Fabrairun 2025 gwamnatin Legas ta sanar da kyamarorin gudu: iyakar gudu 80 a Alapere, 60 a titin Mobolaji Bank Anthony, tara naira 50,000, saƙo ya same ka a waya. FRSC kuma tun 2017 take tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. Abin tahowa yake.

17/ To amma bari in faɗi inda nake tare da masu musu. Na'ura tana kuskure. A Miami a 1979 an nuna rada ta auna bishiya tana gudun mil 86 a awa, har alƙali ya ƙi karɓar shaidar rada a shari'o'in da ke gabansa. Na'urar da ba a duba saitinta, a hannun wanda bai iya ba, za ta iya zaluntar mutum.

18/ Kuma gaskiya ɗaya ce: da yawanmu ba mu ɗauki tsayar da mota a hanya a matsayin kare rai ba, mun ɗauke shi hanyar karɓar na goro. Ba daga sama tunanin ya faɗo ba, kowa ya gani da idonsa. Wanda yake jin farautarsa ake yi dole ya nemi laya. Sidin nan laya ce ta 'yan boko.

19/ Amma in wannan ce damuwar, ga abin da ya kamata mu yi hayaniya a kai: a kafa allo mai nuna iyakar gudu kafin kyamara, a riƙa gwada na'urorin ana wallafa sakamako, a turo wa mutum hoto da lokaci, a ba shi hanyar ƙalubalantar tara. Ni kam na fi son kyamara a kan mutum a bakin titi. Kyamara ba ta san ɗan wane ba.

20/ Kuma a ba mu fili. Matasan da ke juya mota a tsakiyar gari ranar ɗaurin aure, da akwai rufaffen wurin tsere mai doka da motar asibiti a gefe, da yawansu can za su tafi.

21/ Yanzu dalilin da ya sa ban iya barci ba jiya. Bara wani abokina, ajinmu ɗaya, ya ɗauko ƙaninsa daga Zariya za su Kano. Yana daga cikin masu sidi a madubi. Ya sha gaya min shi ba a kama shi. Kuma gaskiyarsa, ba a taɓa kama shi ba.

22/ Yana kan 140 tayar gaba ta fashe. Shi ya fita da ƙujewa. Ƙanin, ɗan shekara 14, an saka masa ƙarfe a cinya, har yau da sanda yake zuwa makaranta. Da muka je ganin motar a garejin da aka ja ta, rufin ya lotsa, gilashi ya zube, sidin na nan a rataye yana juyawa. Ko tsagewa bai yi ba.

23/ Iyakar ƙaramar mota a babbar hanya irin wannan 100 ne. Mutane na ganin 140 ƙarin 40 ne kawai. A'a. Ƙarfin karo ninkuwa yake da gudu sau gudu: 1.4 sau 1.4, kusan ninki biyu. Kuma a 140, daƙiƙa ɗaya da za ka yi kafin ƙafarka ta kai birki, ka riga ka ci kusan mita 39.

24/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4. Mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu.

25/ Na koma na duba zauren namu. Saƙo sama da ɗari a kan yadda za a ɓace wa kyamara. Na nemi kalmar "taya", na ga ana cinikin rim ne kawai. Mutum nawa a cikinmu ya san lambobi huɗun da ke gefen taya mako da shekarar da aka ƙera ta suke nunawa? 2318 na nufin mako na 23 a 2018.

26/ Na tura wa abokin nawa zaren nan kafin in sake shi, don labarinsa ne. Ya ce in saka, kada dai in ambaci suna. Ya ce kuma in ƙara cewa Hajiyarsu har yanzu ba ta yarda ya ɗauki ƙanin a mota ba, ko zuwa masallacin Juma'a.