Sa'a Ce Ko Iyawa?

A gidajenmu da yawa yara sukan buga lido da maraice, wanda aka cinye kuwa sai ya ce, "Ai sa'a ce kawai." Yau za mu duba wannan magana ta wurin wani wasa mai suna bakgamon. Mutum biyu ke yinsa, kowa da 'ya'ya 15, suna jefa ɗan dutsen nan mai fuska shida irin na lido, amma guda biyu. Wanda ya riga fitar da 'ya'yansa daga allo shi ya ci.

A shekarar 1979, a birnin Monte Karlo, wani shirin kwamfuta da Hans Berliner na Amurka ya tsara ya kara da zakaran duniya, Luigi Villa na Italiya, ya cinye shi 7 da 1. Amma da Berliner ya sake bin wasan a tsanake, ya faɗi gaskiya, ya ce Villa ya fi iyawa, jifa ce ta yi wa na'urar kyau.

To, ƙaƙa na'ura take zaɓen inda za ta tura ɗanta? Ba ta san abin da jifa za ta kawo ba, kamar yadda mu ma ba mu sani ba. Duwatsu biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. Sai ta ɗauki kowane taku da take iya yi, ta auna shi da dukan hanyoyin nan, ta zaɓi wanda ya fi amfani in an haɗa lissafi.

A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da shirin TD-Gammon. Ya bar shi yana wasa da kansa, yana gyara kuskurensa, har daga baya wasannin suka wuce miliyan ɗaya. Ya kusa kamo gwanayen duniya, har suka sake yadda suke buɗe wasa saboda abin da suka gani wurinsa.

Mu iyaye da malamai, sau da yawa sakamako kaɗai muke dubawa. Yaro ya yi ganganci ya dace, mu yabe shi. Wani ya yi tunani sarai abin bai zo daidai ba, mu tsauta masa. In yara sun gama lido yau, kafin mu tambayi wanda ya ci, mu tambayi kowannensu dalilin takun da ya yi.

Sai wata mai zuwa.