Ɗarin lakwal daban, ɗarin kasuwa daban: mu koya wa yara ba da canji

Jama'a, musamman ƴan uwa ƴan kasuwar bakin iyaka, akwai wata matsala da ke gabanmu kullum amma ba mu cika kula da ita ba. Yaro yana aji uku ko huɗu a lakwal, yana tarawa da ɗebewa a kan allo, amma in aka miƙa masa kuɗi aka ce ya ba da canji, sai ya tsaya yana zare ido. Nan da nan a ce ba ya da ƙwaƙwalwa. A ganina laifin ba nasa ba ne, domin lissafi iri biyu muke ɗora masa ba tare da mun haɗa masa su ba.

A aji, malam yana koyar da adadin da ke rubuce a jikin kuɗin. A kasuwa kuwa da dala muke ƙirga, dala guda kuma tamma 5 ce ta sefa. Ƙarfen da aka rubuta wa 100, mu dala ashirin muke ce masa. Takardar 500 ita ce dala ɗari, ta 1000 kuma jikka. To, a tsallaka daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko daga Birnin Ƙwanni zuwa Illela, in an ce ɗari, naira 100 ake nufi. Ke nan kalma guda ta zama abu uku a kunnen yaro ɗan shekara 8.

Abin ba wasa ba ne. Yarinya mai tallar ƙosai da ta ɓata canji takan koma gida da kuɗi ba su cika ba, ta sha duka ko a ce ta yi sata. Yaron da aka bari jiran tebur, ko ya cuci mai saye ko ya cuci ubansa, duka ba da saninsa ba. Addini kuwa ya hana tauye haƙƙin mutum ko da na dala guda ne.

Maganin bai da tsada. Da farko, malamai su shigo da dala cikin aji. Maida dala zuwa tamma ninkawa ce sau 5, maida tamma zuwa dala kuma rabawa gida 5. Ke nan darasin da manhaja ta tanada ne, sai dai an sa masa rigar kasuwa. A yanka kwali a yi kuɗin wasa, gefe guda a rubuta 25, ɗaya gefen a rubuta dala biyar. Haka 50, 100, 200, 250 da 500, da takardu har zuwa jikka goma. A jera gwangwanin tumatir da kwalin ashana, wani ya zama mai kanti, wani mai saye, a riƙa juyawa.

Na biyu, mu ƴan kasuwa mu ba da abin da muka sani. Ɗan kasuwa ba ya ɗebewa in zai ba da canji, cikawa yake yi. Misali, an sayi sabulun dala 35, an ba da dala ɗari. Sai ya aza dala biyar ya ce arba'in, ya aza dala goma ya ce hamsin, ya aza dala hamsin ya ce ɗari. Canji ya kama dala 65. In yaro ya koma ga allonsa ya cire 175 daga 500, zai samu 325, ya raba gida 5, ya ga amsar guda ce. Minti goma bayan la'asar ko ranar hutun lakwal sun isa, da kuɗi na gaske a kan tabarma.

Batun naira kuma sai a bar wa manyan azuzuwa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai tun 1999, yuro guda a kan 655,957 da waƙafi bayan 655, amma tsakaninta da naira farashi yana hawa da sauka a hannun ƴan canji. Saboda haka kada a sa yaro hardace farashi; a koya masa ya fara tambayar jikka guda naira nawa ce yau, sannan ya yi lissafi.

Wasu malamai na cewa dala tana ruɗa yara. Ai ruɗanin tuni yana nan, kuma rufe ido ba zai kore shi ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan gida tare da Faransanci, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wasu iyaye kuma na tsoron kada ɗanɗanon ciniki ya fid da yaro daga karatu. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa muke cewa horo na ɗan lokaci, ba a ɗauke yaro daga aji ranar kasuwa don ya yi jiran rumfa ba.

Kwamitocin iyayen yara da shugabannin kasuwanni su zauna da daraktocin makarantu a tsara wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa mu dace, amin.