Wasa Farin Girki: Darasin da Ke Cikin Wayar Haɗin Game Boy

A shekarar 2021 wani Bajamushe masanin tsaron kwamfuta, Thomas Roth, ya nuna wa duniya wani ɗan aiki da ya yi da hannunsa. Ya ɗauko Game Boy, wato na'urar wasa ta hannu wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1989, ya haɗa ta da wani ƙaramin allon lantarki mai suna Raspberry Pi Pico, shi kuma allon ya jona shi da kwamfuta. Da wannan dabara sai ga mutanen da ke ƙasashe daban-daban suna karawa a wasan Tetris ta intanet, kowa riƙe da tsohuwar na'urarsa. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Haɗeja da wannan shagali na masu abin hannu? Ra'ayina shi ne ruwansa ne ƙwarai, domin cikin wannan 'yar waya akwai ilmin da ɗalibanmu da masu gyaran wayarmu suke bukata, har ma da manoman fadama waɗanda ruwa ke ci wa gonaki.

Yadda wayar haɗi ke aiki

Game Boy na'ura ce mai sauƙin gini. Allonta ɗigo 160 ne a kwance da 144 a tsaye, launinta inuwa huɗu kacal, batir huɗu ke tafiyar da ita. Jagoran waɗanda suka ƙera ta, Gunpei Yokoi, ya yi suna da ra'ayin cewa gara a ɗauki tsohuwar fasaha mai araha wadda aka riga aka laƙanta a yi sabon abu da ita. Hausawa dai tuni suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Ita da ƙanwarta Game Boy Color an sayar da fiye da miliyan 118.

A gefenta akwai kafa inda ake soka wayar haɗi. Muhimman siraran wayoyin da ke ciki huɗu ne: ɗaya ta fitar da saƙo, ɗaya ta shigo da shi, ɗaya ta ƙasa wadda ke cika da'irar lantarki, sai ta huɗu mai ɗauke da bugun lokaci. Wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi guda zai gane amfanin wannan bugu, don in babu daidaito taɓare za su yi karo. Saboda haka ɗaya daga cikin na'urorin biyu ke zama jagora mai ba da bugu, ɗayar kuma mabiyiya mai sauraro. Jagora kan buga sau 8,192 a daƙiƙa guda.

Kowace na'ura tana da jerin gurabe takwas, kowane gurbi ɗauke da sifili ko ɗaya, abin da masana ke kira bit. Duk bugu guda, sai bit ɗaya ya fita ta wannan baki, wani kuma ya shigo ta wancan. Bayan bugu takwas na'urorin sun yi musayar bayit guda cif, ba wadda ta bi wata bashi. Idan aka raba 8,192 gida takwas za a sami 1,024, wato yawan bayit ɗin da ke wucewa a daƙiƙa ke nan. Bayit guda kuwa bai fi kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba yake ci.

Matsalar jinkiri

To, a nan gizo ke saƙa. Waɗanda suka rubuta wasannin sun rubuta su ne bisa zaton cewa abokin wasa yana zaune kusa, amsa za ta zo nan take. Intanet kuwa tana da jinkirin da ba wanda ya isa ya kawar, domin haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa. Alal misali, wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa a kanta kaɗai zai ci kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, wato lokacin da ya isa a yi musayar bayit kusan saba'in a wayar haɗi, tun ba a lissafa tafiya daga Legas zuwa Kano da Haɗeja ba.

Maganin wannan matsala na hikima ne, ba na kuɗi ba. An lura cewa mabiyiya ba ta gaggawa, za ta yi ta jira har bugu ya zo. Sai aka sa allon Pico ya hau kujerar jagora, ya riƙa yi wa Game Boy magana kamar ɗan'uwanta ne zaune a gefe, alhali kwamfuta ce ke kai da komo da saƙo a bayan fage. An kuma yi sa'a Tetris ba ya bukatar surutu mai yawa: kowa yana jera tubalansa a nasa allon, abin da ake faɗa wa juna kawai shi ne tsawon ginin kowa da layukan da aka jefa wa abokin hamayya. Haka ma musayar halittu a wasan Pokémon na 1996 tana jure jinkiri. Amma wasan tsere ko na dambe, inda dole na'urorin su daidaita kusan sau sittin a daƙiƙa, ya fi wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Saura matsala guda ta lantarki. Game Boy tana magana da ƙarfin bolt 5, shi kuwa Pico bolt 3.3 ne nasa. In aka jona su kai tsaye ana iya ƙona allon, don haka sai an saka ɗan mai daidaita ƙarfin wuta a tsakani. Duk wanda ya kammala wannan aiki ya koyi liƙi da dalma, da awon lantarki, da rubuta umarnin kwamfuta, da tafiyar saƙo a intanet, ya kuma koyi haƙurin bin diddigin kuskure. Darussa biyar ke nan a kan allon da aka fara sayar da shi dala 4 a watan Janairun 2021.

Abin da ya shafe mu

Salon maganar wayar haɗi ɗan'uwa ne na kusa ga wanda injiniyoyi ke kira SPI, wanda har gobe da shi ƙananan na'urori ke magana da katin memori da kuma ƙananan rediyoyin LoRa masu kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomitoci da wuta kaɗan. Wanda ya iya ɗaya bai yi nisa da ɗayan ba.

Yanzu mu dubi kogin Haɗeja. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su haife shi, kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yanayin zuwan ruwansa. A ƙasa kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har ruwan kan fantsama inda ba a zata ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonakin shinkafa da gidaje a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da maƙwabtansu. Amma ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso fadamun Haɗeja, saƙon lantarki kuwa ƙiftawar ido ya ishe shi. Wannan tazara ita ce damar manomi ya kwashe abin da zai kwasu, mai garke ya kora dabbobinsa kan tudu.

Ma'aunin tashin ruwa ba tsafi ba ne. Ana ɗaura wata 'yar na'ura a jikin gada, ta aika sauti zuwa fuskar ruwa ta saurari amsa-kuwwa. Tun da sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, daga lokacin dawowarsa ake lissafa nisan ruwan. Allo irin Pico ya karanta, ya adana a katin memori, ya aika ta rediyo ko layin waya. Irin wannan ba zai maye gurbin tashoshin awo na hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ba, sai an gwada shi da nasu kafin a dogara da shi. Amma in ma'aunin ya lalace a tsakiyar damina, wa zai gyara? In sai an jira wani daga Abuja ko Turai, ruwa ya riga ya ci gari.

Amsa ga masu suka

Wasu za su ce wasa ɓata lokaci ne. Lalle akwai gaskiya a ciki, musamman yau da caca ta shiga wayoyin samari. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai danna maɓalli dare da rana da wanda ya kwance na'urar don ya ga abin da ke motsa ta. Na biyun nake karewa.

Wasu kuma za su ce Game Boy ba tamu ba ce, yaranmu na shekarun 1990 sun fi sanin Brick Game mai araha, wadda ba ta da kafar haɗi. Haka ne, amma darasin bai rataya a wuyan Nintendo ba. Allon Pico biyu da 'yan wayoyi sun isa a kwaikwayi dukkan musayar. Ga kuma dara, wasan da ake yi a ƙasa a gindin inuwa. Gurabenta 30 ne, bit 5 sun isa a ambaci kowane gurbi tun da suna ba da lamba 32. Ɗan dara na matsawa ɗayan ɓangarori huɗu, bit 2 ke nan. Jimla 7, wato motsi guda ya shige cikin bayit ɗaya har da saura. Tun da kuma bi da bi ake yin ta, jinkirin intanet ba ya cutar da ita. Me zai hana ɗalibi a Haɗeja ya kara da takwaransa na Damagaram a dara, a kan na'urar da suka haɗa da kansu?

Akwai ma wani gargaɗi a tarihi. A 2001 Nintendo ya fitar da Mobile Adapter GB a Japan don haɗa Game Boy Color da wayar salula, amma a ƙarshen 2002 ya rufe hidimar, kayan da mutane suka saya suka zama kwanko. Masu sha'awa ne daga baya suka binciko sirrin maganarta suka farfaɗo da ita. Wanda bai san cikin na'urarsa ba, aro ya yi, ko da ya biya kuɗi.

Shawara

Saboda haka ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da ƙungiyoyin JETS na makarantun sakandare, su rungumi irin wannan aiki a matsayin aikin ɗalibai. A fara da allo biyu masu musayar bayit, a wuce zuwa dara ta intanet, a ƙare da ma'aunin ruwa da za a gwada a bakin kogi tsawon damina guda. A gayyato masu gyaran waya na cikin gari, don hannunsu ya fi na ɗalibi faɗawa a aikin dalma, shi kuwa ɗalibi ya fi su lissafi, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. A kuma rubuta bayanin kowane mataki da Hausa domin na baya. Yarinyar da ke tuwon ƙasa yau ita ce mai girkin gida gobe, shi ya sa magabata suka ce wasa farin girki.