Mu Kai Itatuwanmu Ɗakin Gwaji

Jama'a, ku dubi ɗan furen nan mai kunnuwa biyar, fari ko ruwan hoda, da ake shukawa a harabar makarantu don ado. Asalinsa tsibirin Madagaska. A 1958 wasu masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka bayyana abin da suka gano a ganyensa. Maganin ciwon sukari ake nema, domin abin da mutanen Jamaika ke shan ganyen dominsa ke nan, sai Allah ya nufa aka dace da sinadarin da ke hana ƙwayoyin kansa rabuwa. Daga wannan tsiro aka samu binkiristin, wanda yau ake ɗura wa yara masu kansar jini, da masu kansar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yaran Afirka.

Haka maganin Taxol. A 1962 aka ɓare ɓawon wata bishiya a Amurka, amma sai 1992 aka amince a ba mata masu kansar ƙwan mahaifa. Shekara talatin ana tacewa, ana aunawa, ana gwadawa!

To mu fa? An ciro sinadarin kwamburetastatin daga wata bishiyar Afirka ta Kudu 'yar dangin geza da sabara, waɗanda muke sarewa kullum muna turawa murhu. Tsofaffin da suka san sirrin saiwa da sassaƙe suna ta komawa ga Mahalicci, ba wanda ya zauna gabansu da alƙalami. Wannan asara tana ci mini rai. Kuma ba gazawa muka yi ba, domin cibiyar NIPRD da ke Abuja ta taɓa haɗa Niprisan, maganin sikila, daga tsirran gida.

Ɗaliban haɗa magunguna, ku tafi ƙauye ku rubuta. Masu maganin gargajiya, ku buɗe wa jami'o'i ƙofa, a rubuta sunanku, a kare haƙƙinku. Attajirai da gwamnoni, ku saya wa ɗakunan gwaji na'urori.

Amma don Allah kada wani ya ji wannan ya ɗauko tukunya. Ganyen furen nan guba ne, kuma sai an tace buhu-buhunsa kafin a samu ɗan abin da likita ke aunawa da miligiram. 'Yar'uwa, in kin ji ƙullutu a nono, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe har ya fashe. Ki tafi asibiti a wannan makon, maigida kuma ka raka ta.