Ra'ayinmu: Kafin Mu Ce Kwamfuta Ba Ta Kuskure



A makon jiya gardama ta kaure a ajin SS3. Ɗalibai biyu sun sauke manhaja ɗaya ta gwajin tambayoyin JAMB a wayoyin gidajensu. A wayar ɗaya tana aiki lafiya lau, a ta ɗayan kuwa da an iso tambayoyin lissafi sai ta rufe kanta. Nan take aka yanke hukunci. Wasu suka ce wayar ce ta tsufa, wasu suka ce mai ita ne bai iya ba. Babu wanda ya tsaya ya bincika. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin lokaci ya yi da za mu bar wannan ɗabi'a.

Duk ɗan Burkusuma da ya taɓa auna gero a kasuwar Sabon Birni ya kai shi wata kasuwa ya san hatsin bai canja ba, amma tiya takan canja. Haka manhaja take. Rubutunta ɗaya ne, amma na'urorin da ke karanta ta ba halinsu ɗaya ba.

Manyan masana ma hakan ta taɓa ritsawa da su. A 2019, wani ɗalibin ilimin sinadarai a Jami'ar Hawaii ta Amurka ya lura cewa wata 'yar manhajar lissafi da masu bincike ke amfani da ita tun 2014 tana ba da amsa dabam-dabam, alhali bayanan da aka ba ta iri ɗaya ne. Da shi da malamansa suka bi sawu, sai suka gano manhajar ta ɗauka kowace kwamfuta za ta jero mata fayiloli a tsari ɗaya, alhali Windows da Mac da Linux ba jeri ɗaya suke yi ba. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba, amma an yi fargabar kuskuren ya shafi bincike sama da 100.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amince cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. An sabunta manhajar jarrabawar, amma sabuntawar ba ta isa wasu manyan kwamfutocin da ke karɓar amsoshi ba. Koken ɗalibai da iyaye ne ya sa aka binciko, aka kuma sake musu jarrabawar. Da kowa ya tsaya a kan cewa kwamfuta ba ta kuskure, da an bar su da tambarin rashin ƙoƙari.

Wani zai ce, mu da ke fama da rashin tsaro da rashin wuta, mu da aka taɓa yanke wa layukan waya a Sabon Birni da Isa a 2021, ina ruwanmu da wannan? Ai mu ya fi shafa. Wanda ya sha wahalar hanya kafin ya zauna gaban kwamfutar jarrabawa bai kamata ya kasa bambanta kuskurensa da na na'ura ba. Kuma farkon binciken littafi da biro kawai yake buƙata.

Na farko, a rubuta abin da ya faru daidai: wace na'ura, wane mataki, me ya fito a fuskarta. Na biyu, a maimaita har a ga matsalar ta sake faruwa. Na uku, a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji, kamar yadda bakanike nagari ke duba fulogi kafin ya taɓa kafireto. Wanda ya canja abu uku a tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ba.

Muna roƙon malamanmu, kada darasin kwamfuta ya ƙare a zanen allo. Da izinin shugaban makaranta, ranar Alhamis bayan tashi za mu ajiye wayoyin nan biyu a tebur ɗaya. Kowa ya zo da littafinsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida