Bindiga a Hannun Mai Jin Yunwa: Kira ga Mutanen Sharaɗa, Challawa da Bompai

Ya ku Alhazai masu masana'antu, ya ku manajoji da akawu, direbobin tirela da leburori masu lodi, masu gadi da iyayenmu mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa, tun daga Sharaɗa ta ɗaya har ta uku, daga majemun fata na Challawa har tsoffin kamfanonin Bompai, ku ba ni hankalinku.

Maganata a kan wani mutum ce da muke wucewa kullum ba ma duban fuskarsa: kurtun ɗan sandan nan da ke zaune kan benci a ƙofar kamfani, bindiga a cinya, takalmi ya sha ɗinki. A bayansa akwai dukiya ta ɗaruruwan miliyoyi, fatu da buhuna da robobi da man dizel cike da tanki. Idan ya tashi aiki kuwa, sai ya lissafa ko abin da ke aljihunsa zai kai shi gida a adaidaita sahu. Mun ɗora masa amanar da ta fi ƙarfin cikinsa, muka koma muka yi barci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma mu mun miƙa masa guga mun ce ya ja da azumi.

Mutanen Bompai ba sa bukatar a tuna musu abin da wannan kaki yake jawo wa mai shi. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da Boko Haram ta auka wa Kano, 'yan sanda ta fara nema: hedikwatar shiyya ta ɗaya a titin BUK, da bariki da hedikwatar jiha a nan Bompai, da wasu caji ofis na cikin gari. Hukuma ta ce mutum 185 suka rasu, da 'yan sanda da yawa a cikinsu. Shekara guda kacal bayan wannan jini, a Janairun 2013, wata kotu a Abuja ta samu John Yakubu Yusuf, babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da laifi a badaƙalar biliyoyin naira na kuɗin tsofaffin ma'aikata. Hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida, ta ce ya dawo da naira biliyan 22.9. Ku sa kanku a matsayin kofur ɗin da ya ɗauki gawar abokin aikinsa a Bompai, sannan ya ji wannan labari a rediyo. Wane darasi aka koya masa?

Kuma 'yan sanda ba su yi shiru ba. A Fabrairun 2002, zamanin Obasanjo, ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan, saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa, aka kawo Tafa Balogun, shi kuma kotu ta ɗaure shi a 2005 kan wawure dukiya. A Yulin 2018 'yan sandan kwantar da tarzoma a Maiduguri, bakin daga ke nan, suka tare hanya suna harbi sama saboda alawus na watanni da ba a biya su ba. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda, da furfura da sanduna, suka yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin fanshon adashi, kamar yadda aka fitar da sojoji da jami'an DSS. Kurtun yau yana kallon waɗannan dattawa, kuma ya san gobensa yake kallo.

Za a ce ai an yi ƙari. An yi. Gwamnatin Buhari ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari daga Janairun 2022, ta kuma kafa asusun tallafa wa 'yan sanda tun 2019. To amma litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, a shekarar da buhun shinkafa ya yi kafaɗa da kafaɗa da sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kasuwar Singa ta cinye wannan ƙari tun kafin ya ɗumama aljihu.

Yanzu mu dawo kanmu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me muka yi da muka ga ɗan sanda na cikin ƙunci? Kowa ya sayi nasa. Kamfani mai ƙarfi ya nemi a turo masa mutum biyu ko huɗu, yana ba su na abinci a ƙarshen wata. Direba ya naɗe ɗari biyu ya miƙa ta taga a shingen bincike, ba a ɗaga tamfol ba, ba a duba takarda ba. Na taɓa raka wani ɗan'uwana da aka fasa wa sito zuwa wani caji ofis, aka ce mota akwai, mai ne babu, sai ya kawo kuɗin mai. Ya kawo, muka fito muna tsine musu. Daga baya na tambayi kaina: da ɓarawon ne ya riga mu zuwa da kuɗin mai ninki biyu fa?

A nan haɗarin yake, Alhaji. Ranar da jami'in tsaro ya saba cin abinci daga hannun wanda ya biya, ba ka da tabbacin kai kaɗai ne mai biya. Tagar da direbanka ya miƙa na goro aka ɗaga masa hannu, ta nan mai ɗauke da ƙwaya zai miƙa, ta nan mai buhun harsashi zai miƙa, ta nan mai wayar taransifomar da aka kwance daren jiya zai miƙa. Mutumin da ke ƙofarka ya san ranar da ake biyan leburori da tsabar kuɗi, ya san tirelar da za ta fita da asuba, ya san motar Bature ko Balarabe ko ɗan Sin mai kula da injinanka da hanyar da yake bi. Wannan sani kaya ne mai tsada, kuma yana hannun wanda mai gidan haya ya ba wa takardar tashi, matarsa na asibiti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban ce duk sun sayar da amana ba, wallahi da yawansu suna haƙuri irin wanda ni da kai ba za mu iya ba. Ban kuma halasta cin hanci ba, mai karɓa da mai bayarwa duk tsinannu ne a addininmu. Amma wane mai hankali ne zai gina tsaron dukiyarsa a kan haƙurin mai jin yunwa?

Wanda ya fi shan wuya ma shi ne wanda ba shi da abin sayen kowa: yaron da ya tashi aikin dare a kamfanin roba, ya biyo duhu a ƙafa, 'yan daba suka tare shi da wuƙa saboda wayar hannu. 'Yan sandan da ya kamata su yi sintiri a layinsa suna gadin ƙofar masu hali. Har sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarni a Nuwamban 2025 a janye 'yan sanda daga rakiyar manya. Mun kuma ga abin da ya faru ranar 1 ga Agustan 2024, da aka wawushe shaguna da gine-ginen gwamnati a Kano, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. A irin wannan rana mutum biyun da ke ƙofarka ba za su tare guguwa ba.

Saboda haka ku tashi. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da reshen Sharaɗa da Challawa, tana da reshen Bompai. Muryar da kuke ɗagawa kan kuɗin wutar KEDCO da yawan haraji, ku ɗaga irinta kan albashi da bariki da fanshon ɗan sanda, domin shi ma kuɗin gudanar da kamfani ne, kuna biyansa ta bayan fage. Ku jawo ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da ƙungiyoyin ƙwadago da na direbobi. Albashin ɗan sanda a hannun Abuja yake, Kano kuwa tana da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 24. Ku kira su ɗaya bayan ɗaya, ku tambaye su inda kuɗin asusun 2019 suka shiga, da matsayinsu kan kukan 'yan fansho. Legas ta kafa asusun tsaro tun 2007, gwamnati da kamfanoni suna zubawa a fili, ana sayen motoci da kayan aiki. Kuɗin da kuke rarrabawa a ambulan, ku tara shi wuri guda da rasit da mai binciken kuɗi, a sa wa motar sintiri mai, a gyara ɗakunan bariki, a biya kuɗin makarantar marayun da iyayensu suka faɗi a bakin aiki. Malamanmu, ku hau mumbari da wannan magana ranar Juma'a.

Kai kuma Yallaɓai mai kaki, mun ji kukanka, za mu tsaya maka a gaban masu mulki. Kai ma ka tsaya mana a bakin shinge: ka ɗaga tamfol ɗin nan ka duba.